Hoto, Zane da Kiɗa a Gidan Ma'aikaci: Matsayin Uba Mai Son Fasaha



 Ya kamata in faɗa tun yanzu cewa ni ba mai ɗaukar hoto ba ne na sana'a, ban gaji kiɗa ba, kuma ban taɓa sayar da zane ko na sisin kwabo ba. Ma'aikacin ofis ne ni, wanda ya shekara talatin da 'yan kai yana jujjuya takardu, kuma uban 'ya'ya biyar. Abin da ya haɗa ni da batun yau shi ne, a duk tsawon waɗannan shekaru ban rabu da kyamara da fensir da faifan waƙa ba, kuma a cikin gidan da nake renon 'ya'yana nake ajiye su. Saboda haka zan yi magana a kan abubuwa uku: yadda gidan Bahaushe ya kasance makarantar fasaha, abin da hoto da zane da kiɗa ke iya yi wa tarbiyyar yaro, da kuma haƙƙin da iyali ke da shi a kan uban da wannan sha'awa ta kama.

Gidan Bahaushe makarantar fasaha

Idan muka waiwayi gidajen da akasarinmu muka tashi a cikinsu, za mu ga cewa fasaha tana cikin aikin yau da kullum, ba a ware mata rana ko ɗaki ba. Uwa na niƙa tana waƙa, tana reno tana waƙa. Ranar daɓe mata na buga ƙasa da madaɓi, sautin na tafiya daidai da amshinsu. Ƙwaryar da ake dama fura a cikinta da zane a jikinta, faifan da ake rufe ta da shi da launi a saƙarsa, jeren da ke ɗakin amarya kuwa tsari ne da ido ya auna. Yaro na fiƙe kara ya ƙera mota, yarinya na ɗinka wa 'yartsanarta kaya, da dare a fita gaɗa, watan azumi a fita tashe. Ranar da almajiri ya sauke Alƙur'ani, da allo mai zayyana ake zagayawa da shi gidajen dangi.

Manyan gwanayenmu daga irin wannan makaranta suka fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a wajen mahaifinsa ya fara koyon kiɗan noma kafin ya zama makaɗin sarauta. Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gwari wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, a hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama. Sai a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a garin Abuja na da, watau Suleja ta yanzu, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Hannun da ya karɓi wannan digiri a tsakar gida aka fara horar da shi.

To, sai mu dubi gidan ma'aikaci na yau. Uba ya fita da sassafe, sau da yawa uwa ma ta fita. Injin niƙa ya ɗauke waƙar niƙa, siminti ya ɗauke waƙar daɓe, roba ta maye gurbin ƙwarya, motar wasa kuwa daga kanti ake sayo ta. Ban kawo wannan don in yi kukan zamani ba, domin babu macen da za ta so a mayar da ita bakin dutsen niƙa. Abin lura shi ne, da aikin ya tafi, fasahar da ke maƙale da shi ta bi shi, kuma ba mu sa komai a gurbinta ba sai talabijin da wayar hannu. Yaron da aka haifa a irin wannan gida yana ganin hotuna da jin waƙoƙi a wuni ɗaya fiye da abin da kakansa ya gani ya ji a shekara, amma hannunsa bai ƙera komai ba. Wannan shi ne abin da ke damuna, shi ne kuma dalilin wannan lacca.

Hoto

Bari in fara da hoto, tun da shi ya fi cin kuɗina. Asalin ilmin da kyamara ke aiki da shi tsoho ne ƙwarai. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya shiga ɗaki mai duhu, ya fitar da surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. A 1839 aka bayyana hanyar Daguerre a Faransa, ta kama wannan sura a tsayar da ita a kan faranti. A 1888 George Eastman ya fito da kyamarar Kodak a Amurka, wadda ta sa ɗaukar hoto ya shiga hannun wanda ba gwani ba. A 1975 kuma wani injiniya na wannan kamfani, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya. Jikokin wannan kyamara ne ke aljihun kowannenku a yanzu.

Na gwada abin da Ibn al-Haisam ya bayyana tare da 'ya'yana wata ranar Asabar. Muka toshe tagar ɗaki da kwali da barguna, muka huda ƙaramar kafa, muka rataya farin zane a gabanta. Can sai ga itacen darbejiyar ƙofar gida ya bayyana a kife, ga almajiri yana wucewa da kansa a ƙasa. Ƙaramin cikinsu ya ruga waje don ya tabbatar ko duniya ce ta juye. Daga ranar ban sake wahalar yi musu bayanin cewa haske a miƙe yake tafiya ba. Gani ya kori ji.

Lokacin da na fara ɗaukar hoto, fim ɗaya hoto 36 yake ci in ya yi yawa, sa'an nan a kai a wanke, a biya, a jira kwanaki. Wannan tsada ta koya mana duba abu da kyau kafin mu danna. Yau mutum na iya ɗaukar hoto ɗari a wajen suna ɗaya, amma ku tambaye shi na bara, sai ya ce wayar ta lalace. Ni kaina abin ya same ni sau biyu. Hoton mahaifina guda ɗaya ne tak a duniya, wanda aka ɗauka don takardar tafiya aikin hajji. Na ajiye shi a akwati, gara ta shiga ta cinye rabin fuskar. Bayan shekaru kuma aka zare mini waya a kasuwa, da hotunan shekara uku na autarmu a ciki, tun daga ranar sunanta har ranar da ta fara zuwa makaranta. Tun daga nan na ɗora wa kaina doka: ƙarshen kowace shekara in zaɓi hotuna kamar talatin in kai a buga su a takarda, in rubuta a bayan kowanne sunan waɗanda ke ciki da wuri da shekara, sauran kuma in adana su a wuri biyu dabam-dabam. Hoton da ba a rubuta sunan mai shi ba, bayan mutuwar mutum biyu ko uku ya zama hoton baƙo.

Sai kuma tambayar abin da ya cancanci a ɗauka. Mu dai mun saba da hoton ranar salla da na biki, kowa ya ci ado ya ƙame. J. D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoto na ƙasar nan wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Abin da kowa ke gani a titi bai kula ba, shi ya zama taskar tarihi. Malick Sidibe na Bamako samari da 'yan matan garinsu ya yi ta ɗauka a wuraren wasa da bakin kogi, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar girmamawa ta bikin fasaha na birnin Venis a Italiya. Darasin da na ɗauka daga waɗannan mutane biyu shi ne in juya kyamarata ga abin da na saba gani: mahaifiyata tana kaɗi, uwargidana tana tankaɗe, yara sun kewaye akushi ɗaya. A yau waɗannan hotuna su 'ya'yana ke nema idan sun zo hutu, na ranar salla kuwa sai su wuce su.

Amma akwai tarko a cikin wannan sha'awa, kuma na faɗa cikinsa. Ranar walimar saukar babbar 'yata na wuni ina hawa benci ina sauka, ina neman inda haske ya fi kyau. Da dare, bayan baƙi sun watse, na kira ta in nuna mata hotunan. Ta duba, ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Baba, sun yi kyau. Amma da nake karatu na ɗaga kai in ga fuskarka, sai na ga kyamara." Ban sami abin da zan ce mata ba. Daga ranar, duk taron da ya shafi ɗana, nakan ɗauki hoto biyu ko uku in mayar da kyamara jaka, ko in miƙa wa wani. Haka kuma na daina sa hoton 'ya'yana a intanet ba tare da na tambaye su ba, domin abin da aka sa a can ba ya dawowa, kuma yaron da ya ba ka dariya yana shekara huɗu zai zama magidanci wata rana.

Zane

Kusan duk wanda ya yi reno a nan ya san ranar da ya dawo gida ya tarar an zane masa bango da gawayi. Abin da akan yi shi ne a tsawata, wani lokaci a haɗa da bulala. Ni ma haka na yi wa ɗana na biyu, har sau biyu. A karo na uku mahaifiyarsa ta ja ni gefe ta ce, "Malam, kafin ka ɗauko dorina, tsaya ka dubi abin da ya zana." Na duba, sai na ga akuyar maƙwabcinmu ce, har da karyayyen ƙahonta na hagu. Yaro ɗan shekara shida ya lura da abin da ni, mai taƙama da kyamara, ban lura da shi ba. Washegari na sa aka shafe masa wani yanki na bangon bayan gida da baƙin fenti, na sayo alli, na ce nan nasa ne, sauran bangon kuwa nawa ne. Rigima ta ƙare.

Zane horon ido ne da haƙuri. Yaron da ya zauna rabin sa'a yana zana ganyen zogale ya san ganyen fiye da wanda ya haddace sunansa, kuma wannan idon ne likita da injiniya da mai binciken kuɗi ke bukata. Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da bakan gizo na ƙasa da azara waɗanda masana gini suka riƙa zuwa kallo. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama a yankin Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Dagin da ke jikin soro, da aska takwas da ke ƙirjin riga, da zayyanar da ke gefen Alƙur'ani rubutun hannu, duk aikin masu zane ne. A Zariya kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta nace cewa mai zanen Nijeriya ya ɗebo daga al'adun gida ya haɗa da abin da ya koya a aji.

Duk da wannan tarihi, ranar da wannan yaro nawa ya gama sakandare ya ce zane zai karanta a jami'a, sai da aka yi zaman dangi. Babban wana ya ce, "Kai ka ɓata shi da allinka. Wa ya taɓa cin abinci da zane?" Na ce, "Yaya, atamfar da ke jikin iyalinka wani ne ya zana ta, haka bangon littafin da 'ya'yanka ke karantawa, haka takardar kuɗin da ke aljihunka. Idan namu ba su koya ba, na wasu za mu ci gaba da biya." Bai gamsu ba a ranar, kuma ba zan ce tsoronsa ba shi da tushe ba, domin sana'a ce da kasuwarta ke hawa da sauka. Abin da muka tsayar shi ne yaro ya karanta abin da yake so, bisa sharaɗin ya koyi fannin da ake nema a masana'antu da maɗaba'u. A kan haka aka tashi, kuma yau da wannan sana'a yake riƙe da kansa.

Kiɗa da waƙa

A nan ne al'amarinmu ya fi ban mamaki. Babban ma'aikaci zai sa waƙar Shata a mota tun daga Kaduna har Katsina, yana kaɗa kai, amma in ɗansa ya ɗauki kalangu sai ya ce ya jawo wa gida abin kunya. Dalilin sananne ne: a tsarin zamanmu na gargajiya an haɗa kiɗa da roƙo, an ajiye makaɗi a ƙasan tsani. Amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talaka da ɗan ƙwadago da ma'aurata nasihar da ta shiga inda laccarmu ba ta shiga. Hajiya Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, da kiɗan ƙwarya ta yi ta zuga mata su kama sana'a. Na san malamanmu na addini sun yi bayani mai tsawo a kan hukuncin kiɗa da na sura, kuma kowane magidanci yana da malamin da yake bi. Wannan fage nasu ne. Maganata ta tsaya ne a kan gidan da ya riga ya yarda waƙa ta shiga cikinsa, watau yadda za a sa ta yi amfani.

Amfani na farko shi ne harshe. 'Ya'yanmu da ke makarantun da ake koyarwa da Turanci Hausarsu ta kasuwa ce, ba ta da zurfi. Nakan zauna da nawa bayan sallar isha'i ranar Juma'a, mu saurari waƙa ɗaya ta Narambaɗa ko Ɗanƙwairo, in tsayar, in tambaye su ma'anar kalma. Daga waƙa ɗaya sai mu fita da sunayen kayan doki, da sarautun fada, da garuruwan da ba su taɓa ji ba. Na kuma nuna musu yadda makaɗi ke matse tsarkiyar kalangu a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har ganga ta bi hawa da saukar muryar mai magana. Da wannan suka gane karin sautin Hausa, abin da ya sa kalma ɗaya a rubuce ke iya zama biyu a baki.

Amfani na biyu shi ne adana abin da ke shirin ɓacewa. Shekara biyu kafin rasuwar mahaifiyata na sa jikokinta suka zauna gabanta da rikoda, ta rera musu waƙoƙin niƙa da na reno da na gaɗar zamaninsu. Da farko ta ƙi, ta ce abin yara ne. Da ta fara kuwa sai da muka cika kaset uku. Yau babu wata kadara a gidana da ta kai waɗannan kaset daraja, kuma na sa an kwafe su a kwamfuta an raba wa dangi. Kowane ɗalibi a wannan ɗaki yana da rikoda a aljihunsa, kuma da yawanku kuna da kaka a raye.

Haƙƙin iyali

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi nauyi. Sha'awar fasaha tana cin abu biyu da iyali ke da haƙƙi a kansu: kuɗi da lokaci. Na taɓa ɗaukar kuɗin da aka tanada don buhun masara na sayi gilashin kyamara na hannu, ina cewa za a yi albashi kafin na gida ya ƙare. Albashi ya yi jinkirin mako uku. Abin da uwargidana ta ɗinka ta sayar shi ya ciyar da mu, kuma ba ta ce mini uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun daga lokacin, kuɗin sha'awa sai abin da ya ragu bayan cefane da kuɗin makaranta da magani, kuma da saninta.

Game da lokaci, dabarar da ta yi mini amfani ita ce in daina ware fasaha daga yara. Da nakan rufe ƙofa in ce kada a dame ni, sai na zama baƙo a gidana. Da na buɗe ƙofar, wannan ya riƙe mini fitila, wancan ya wanke buroshi, aikin ya ragu da sauri amma gida ya samu. Wanda ke jiran sai yara sun girma ya koma ga zanensa, zai tarar ido ya raunana, yaran kuma sun tafi.

Wajibi ne kuma in ambaci iyaye mata. Na san mata da yawa da suka iya zane ko ɗinkin hannu ko tsara waƙa suna 'yan mata, aure da reno suka binne abin. Magidancin da ke samun sa'a biyu ranar Asabar don sha'awarsa, ya tambayi kansa sa'a nawa matarsa ke samu don tata. Na yi shekara goma sha biyar da aure kafin in san cewa uwargidana na rubuta waƙoƙi a bayan littafin lissafin cefane.

Kammalawa

Shugaban taro, zan rufe da roƙo ga rukuni uku. Ga 'yan'uwana ma'aikata: ku ajiye takarda da fensir inda hannun yaro zai kai, ku buga hotunan iyalinku ku rubuta sunaye, ku kai yara gidajen tarihi. Gidan Makama na Kano, da gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, da na birnin Yamai da aka kafa a 1959, duk don su aka tanade su. Ga ɗalibai: hutun da ke tafe, kowa ya zauna da tsoho ɗaya na gidansu ya ɗauki muryarsa da hotonsa, da izninsa. Ga jami'o'inmu da cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna: a buɗe ƙofa ga hotuna da kaset na gidajen talakawa, a kwafa a adana, domin tarihin ƙasa bai tsaya ga fada da ofis ba.

Ba kowane yaro zai zama Ladi Kwali ko Shata ba, kuma ba wannan muke nema ba. Cikin 'ya'yana biyar, ɗaya ne ya bi zane. Sauran akwai malamar makaranta, da ma'aikacin jinya, da biyu da ke karatu. Amma dukansu sun san yadda ake zama a dubi abu har a gan shi, a saurari magana har a ji ta, kuma sun san muryar kakarsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu sauke nauyin da ya ɗora mana.